Matakala Uku a Bakin Ƙofa

Matakala uku ce kacal a bakin ƙofar gidan, kuma magini da hannunsa ya zuba su shekara talatin da suka wuce, don kada ruwan sama ya shiga falo. Ba wanda ya taɓa damuwa da su sai da matarsa ta dawo daga asibiti a kan keken marasa lafiya, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Duk fita sai an nemo maƙwabta biyu su ɗaga keken da ita, don shi bayansa ya riga shi yin ritaya. Ita kuwa mace ce mai son yawo da hira, amma ta tsani a riƙa cicciɓarta kamar buhun siminti. Sai ta daina cewa za ta fita. Da babban ɗansu ya ga haka, ya yanke hukunci irin na manyan 'ya'ya, ba shawara: ƙarshen wata zai tafi da Mama gidansa, can nesa, inda babu matakala.

Tsoro ya kama magini. Bai san yadda ake zama a gidan nan babu muryarta ba. Washegari ya fito da kayan aikinsa, ya kwaɓa siminti, cikin kwana uku ya zuba gangara a kan matakalar, tsawonta ƙafa shida, sumul kamar faranti.

Ranar gwaji 'ya'yan biyu suna nan, babban da kuma autarsu, wadda ke koyar da kimiyya a sakandare. Aka ajiye keken a ƙasa. Mama ta kama tayoyin ta tura. Ta hau kamar taku biyu, ƙarfinta ya ƙare, keken ya yo baya da ita, sai da Auta ta tare. Babban ya zo ya tura ta sama cikin ƙiftawar ido.

"Ka gani ko, Baba? Sai da mai turawa," in ji shi. "Ƙarshen wata ina nan zuwa."

Bayan ya tafi, Auta ta tarar da uban zaune yana hararar gangarar.

"Baba, aikin ya yi kyau, amma ta yi gajarta."

"To, Malama ta zo. Shekara arba'in ina gini, yau yarinyar da na saya wa fensir za ta koya mini awo."

"Ba awo zan koya maka ba. Daga ƙasa zuwa bakin ƙofa ƙafa biyu ne. Ko ta ina aka bi, aikin ɗaga Mama da kekenta zuwa can ɗaya ne, ba ya raguwa. Abin da muke iya zaɓa shi ne yadda za a raba shi. Gajeriyar hanya tana neman ƙarfi mai yawa a lokaci guda, doguwa kuma tana karɓarsa kaɗan-kaɗan."

"Yayanki fa, da ya haura da ita yanzun nan?"

"Aikin da ya yi cikin daƙiƙa uku, shi Mama za ta yi cikin minti biyu. Ya fi ta saurin fitar da ƙarfi, shi ke nan. Ita ba tsere za ta shiga ba."

Magini ya ja tsaki. Maganar littafi, in ji shi, ba ta taɓa tsayar da bango ba. Auta ta san halin ubanta, jayayya da shi ɓata yawu ne. Ta shiga ciki, ta taimaka wa Mama ta koma kujera, ta turo keken waje.

"Bismillah, hau ka nuna mini."

Ya hau, don ba ya ƙin ƙalubale. Ya tura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya kai rabi, keken ya dawo da shi har sai da ya daki tukunyar fure. Ta taga aka ji dariyar Mama, irin wadda aka yi wata biyu ba a ji ba. Gani ya kori ji.

"Baba," Auta ta ce a hankali, "lokacin da leburorinka ke tura baro cike da kankare zuwa sama, gajeren katako kake sa musu?"

"Wane mahaukaci? Mafi tsawo nake nema."

Yana faɗa ya gane. Abin da ya sani tun yana saurayi ne, 'yarsa kawai ta juyo masa da shi. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na ga hannun Mamanku ya rame," ya ce. "Ban so ta yi tafiya mai nisa ba. Cewa na yi in rage mata hanya."

Tausayinsa ya kama Auta. Ta ɗauko igiyar awo ta miƙa masa. A lissafinta, kowace ƙafa ɗaya ta tudu tana son ƙafa goma sha biyu ta hanya, wato ashirin da huɗu ke nan. Suka auna filin gaban gidan, bai wuce ƙafa goma sha bakwai ba.

"To fa," ta ce, "nan littafina ya ƙare."

Nan kuma maginin ya farka. Ya ja layi da ƙusa a ƙasa. Gangarar za ta bi jikin bango ƙafa goma sha biyu, ta samu shimfiɗaɗɗen wuri inda keke zai juya mutum ya huta, sannan ta lanƙwaso ta dawo bakin ƙofa. Siminti kuma ba za a goge shi sumul ba, tsintsiya za a ja a kai yana ɗanye don taya ta samu abin kamawa.

Tunda yake bai taɓa rusa ginin da ya yi da hannunsa ba. Ranar ya ɗauki guduma, ya yi ta dukan gangarar yana mita, maƙwabta na kwashe ɓaraguzai suna gimtse dariya. Kafin wata ya ƙare, ya zuba sabuwar, ta bushe.

Ƙarshen wata babban ya iso da mota kamar yadda ya ce. Ya sa akwatin Mama a baya, ya sauko da ita har ƙasa. Sai ta ce ta manta wani abu a ɗaki.

"Bari in ɗauko miki, Mama."

"Ni zan ɗauko."

Ta juya keken ta kama tayoyin. Tura ɗaya, tura biyu, a hankali. Magini na biye da ita, hannuwansa a buɗe bayan keken.

"Malam, kada ka taɓa," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Ya maida hannuwansa baya. A wurin juyawa ta tsaya tana haki, zufa na bin goshinta. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta sake kamawa, ta yi ta turawa har tayoyin gaba suka haye dokin ƙofa.

Ta juyo ta dube su daga sama. Magini yana ta share ido, wai ƙurar siminti ce ta shiga.

"Mama, me kika manta?" babban ya tambaya.

"Ba abin da na manta," ta ce. "Shigo mini da akwatina."