Filastar Mai Walda

A layinsu an san Mai Walda da abu biyu: taba ba ta barin bakinsa, kalmar haƙuri kuma ba ta taɓa fitowa daga cikinsa ba. Maƙwabta na cewa ko ƙafarka ya taka, kai ne za ka ba shi haƙuri. Matarsa dai ba ta cewa komai. Ciwon asma ya koya mata tattalin numfashi.

Da likita ya gaji da ganinta, sai ya sa aka kira mijin, ya miƙa masa kwalin filastar nikotin.

"Kai za ka riƙa mannawa a dantse har ka bar taba. Hayaƙinka ne ke tayar mata da ciwon."

Kwalin ya yi ta shan ƙura a kan firij, har ranar da wani abokin aikinsa ya ce masa ai filastar nan buɗe ƙirji take yi. Da hantsi ya dawo gida, ya same ta a kan keken ɗinki, numfashinta na fito.

"Juyo bayanki. Mai ciwo ake ba magani, ba mai lafiya ba."

Ta san ba nata ba ne, a gabanta likita ya yi bayani. Amma ta manta rabon da hannun nan nasa mai kanta da kaushi ya taɓa ta a hankali. Ta juya. Ya manna mata biyu don su fi saurin aiki, ya shafa da tafin hannu, ya fita baranda ya kunna taba.

Ba a jima ba amai ya taso mata, ga zufa, zuciya na duka kamar za ta fasa ƙirji.

A asibiti nas ta ɗaga mata riga, ta ɓare filastar.

"Baiwar Allah, wa ya manna miki wannan?"

Mijin na tsaye, ya tsura wa ƙasa ido.

"Ni ce," ta ce da ƙyar.

"A tsakiyar baya? Lallai hannunki na da tsawo."

Ya fita. Matar ta san abin da ya fitar da shi. Da ya dawo, warin taba ya riga shi isowa gadon, tari ya sarƙe ta. Ya yi ta ja da baya har bakin ƙofa, inda numfashinsa ba zai iso gare ta ba. Daga can kuwa raɗa ba ta kaiwa. Dole ya ɗaga murya, masu jinya duk suka juyo.

"Maman yara, ni ne na manna. Ki yi haƙuri."