Da Ni Ne Kai

Duk garin Tully an san babanmu Kelvin ba ya ba da umarni kai tsaye. Turancinsa ɗaya ne: "Da ni ne kai, da na yi kaza." Mai hankali ya san magana ta ƙare.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Yayana Darcy ya shiga neman mai sayen gonar rakenmu, wai ai tsoho bai hana ba.

"Da wane bakin zai hana?" na ce masa. "Yaya, ka ji kunya!"

Kullum da safe nakan zaunar da Baba a baranda, mu ja jimlar nan kalma-kalma. Yawu na zuba, Baba yana dukan kujera don haushi, amma ya ƙi bari.

Ranar da mai sayen ya zo, Baba ya kafe shi da ido, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Da ni... ne kai... da na koma mota."

Mutumin ɗan gari ne. Ya ɗauki hularsa ya fice.

Baba ya juya ga Darcy. "Da ni ne kai..."

Darcy bai tsaya jin sauran ba. Ya zura takalmin aiki, ya nufi gona.