Ruwan da Kaka Tabawa Ta Roƙa

Barci ya sace ni da la'asar, ina zaune a bakin gadon Kaka Tabawa, ina sauraron numfashinta yana fita da ƙyar. Tun safe take roƙon a kira mata Malam Istifanus, katikis, wato mai koyar da addini a cocinmu na Katolika, ya yi mata baftisma, domin rafi ya cika, Fada, limamin cocin, ba zai iya ƙetarowa ba. Ni kuwa na ce mutumin nan ba zai taka gidanmu ba. Shi ne ya hana a binne Babana a maƙabartar coci, wai ya rasu yana ajin masu neman baftisma, ruwa bai taɓa kansa ba. Na tsaya gaban jama'a na ƙaryata shi, ban sake shiga coci ba. Zumuntar matan coci ta yi ta zarya gidanmu, ƙawayena suka daina gaishe ni, aka ce karatu ya lalata ni. Na jure duka, ban sunkuyar da kai ba.

"'Yar boko," in ji Kaka kafin idona ya rufe, "faɗanki da Istifanus ne. Ni mene ne nawa a ciki?"

Sai na gan ni a ƙofar wani birni mai doguwar ganuwa, ƙasarsa ta tsattsage don fari. Wani dattijo sanye da fararen kaya ya kira sunana, "Filomina, biyo ni." Na bi shi.

Muka ratsa kasuwa. Na ga masu awon hatsi da suka riƙa zuba yashi a cikin dawa, ana ɗura musu yashin a baki, mudu bayan mudu. Na ga waɗanda suka ƙwace gonakin gwauraye, kowa ɗauke da gonar a kansa, da itatuwanta da duwatsunta, ba wurin saukewa. Wasu daga cikinsu suna sanye da farin ƙyallen da aka yafa musu ranar baftisma, ƙyallen yana ci da wuta a jikinsu.

Na ce, "Baba, waɗannan ai an yi musu baftisma."

Ya ce, "An yi musu. Jikinsu ya zauna cikin Ikilisiya, zuciyarsu tana waje. Wanda aka ba shi da yawa, hukuncinsa ya fi nauyi."

Muka isa wata rijiya. Mutane suna zaune a kan murfinta, leɓunansu sun fashe, suna jin motsin ruwa a ƙarƙashinsu, amma sun kasa tashi su buɗe. Ya ce waɗannan shugabanni ne da aka ba su tsaron rijiya don su shayar da jama'a, suka mai da ita abin nuna iko. Raina ya yi fari. Na leƙa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman Istifanus.

Dattijon ya ce, "Ba ya nan. Yana da sauran numfashi, kamar yadda kike da shi."

Na yi tambayar da ke hana ni sukuni. "Ina Babana? Da gaske ne ya halaka don ba a zuba masa ruwa ba?"

"Mahaifinki ya nemi baftisma da bakinsa, ya tuba, ya ƙaunaci Allah da maƙwabcinsa. Mutuwa ce ta riga bikin Ista zuwa, lokacin da za a yi masa baftismar. Wannan marmari nasa ya tsaya masa a madadin ruwan. Allah ya ɗaura ceto a kan baftisma, amma bai ɗaure hannunsa da ita ba."

"Kakannina fa, da suka mutu ba su taɓa jin sunan Yesu ba?"

"Wanda bai sani ba, ba da laifinsa ba, ya kuma nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi gaskiyar da ya gane, Allah yana da hanyar kaiwa gare shi. Ta wurin Almasihu ne dai, ko da bai san sunan ba."

Na ɗaga kai, na ce, "To ashe ni ce da gaskiya. Ba a bukatar coci, ba a bukatar ruwa. Kaka ma marmarinta ya ishe ta."

Sai ya kai ni gaban wani babban gida, ƙofarsa a buɗe, ana jin waƙa daga ciki. A bakin ƙofar mutane ne tsaye sun juya mata baya, kowa yana ba da labarin abin da aka yi masa. Ba wanda ke sauraron wani. Muryoyinsu sun dushe, ƙafafunsu sun nutse cikin ƙasa har gwiwa.

"Su wane ne waɗannan?"

"Sun san gidan na Allah ne, suka ƙi zama a ciki. Da yawansu an cuce su da gaske."

A tsakiyarsu na ga wata budurwa ta buɗe hannuwa ta tare ƙofa, wata tsohuwa a durƙushe a gabanta tana neman hanyar wucewa. Zanen da ke jikin budurwar nawa ne.

Dattijon ya ce, "Mahaifinki ya nemi ruwa, mutuwa ta hana shi. Kakarki ta nemi ruwa. Wa ya hana ta? Rahamar Allah a kanta ba a hannunki take ba. Amma ke za a tambaye ki."

Na buɗe baki zan kawo hujja, sai na ji ƙasa ta kama idon sawuna.

Na farka zufa ta jiƙa ni, rana ta kusa faɗuwa. Na kai kunne bakin Kaka. Da sauran numfashi, siriri. Ban janye ko kalma ɗaya a kan Babana ba. Zan kai maganar gaban Fada, amma daga cikin coci zan kai ta, ba daga waje ba.

Kaka ta buɗe ido kaɗan. "Kin gama minsharin?"

"Kaka, zan kira Malam Istifanus. Ki jira ni."

"Jiran ba a hannuna yake ba, 'yar boko. Yi sauri."

Na fita da gudu cikin taɓo, ko takalmi ban tsaya nema ba.