Saiwar Tofa

Duk Kagoma an san Meshak da wa'azin tofa. Ko ba ka tambaye shi ba sai ya gaya maka: wuta ɗaya ba ta kashe wannan ciyawa, ganyen take ci, saiwar tana kwance a ƙasa tana jiran ruwa. Matarsa Lai'atu, uwar 'yarsu Yemima, mai ba da waƙa a zumuntar mata ta coci, ta sha wannan wa'azi har ta haddace shi.

Da ciwon daji ya fito mata a wuya, sai aka tura su daga Kafanchan zuwa wani babban asibiti mai nisa, inda inji ke gasa ƙari da haske. Likitar ta ce sau talatin za a yi, a jere, kada a yanke.

A gashi na goma sha biyu kumburin ya sauka, murya ta dawo. Murna ta hana Meshak zama, ga Lahadin godiyar kaka ta matso.

"Mama Yemima, tashi mu tafi gida. Ubangiji ya gama aikinsa, bari ikilisiya su ji da kunnensu."

"Likita ta ce talatin fa."

"Likita ta fi Allah ne?"

Ta bi shi. Ranar Lahadi ta yi waƙa, mata suka yi guɗa, Meshak ya taka rawa da tsufansa. Sai haƙar citta ta zo, aka ce bari a gama tukuna. Mako ɗaya ya zama tara. Kafin Kirsimeti ko kunu ba ya wuce mata, muryar kuma ta koma raɗa.

Da suka koma asibitin, likitar ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo. Ta zana da'ira a takarda.

"Baba, ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙari, jini ba ya kai musu iska sosai. Hasken kuwa masu iska ya fi kashewa, na ciki kuma rauni kawai yake musu. Shi ya sa muke bi kullum: na waje su mutu, iska ta kai ga na ciki, gobe mu same su. In aka ba su hutu, sai su gyara raunin, su hayayyafa."

Tun ba ta rufe baki ba Meshak ya gane. Tsoro ya kama shi, da kunya.

"To a sake kunna injin mana, likita."

"Za mu kunna, don zafin ya ragu. Amma ciwon ya riga ya kai huhu."

Lai'atu ta jawo hannun rigarsa. Sai da ya sunkuya sosai kafin ya ji ta.

"Tofa ne, Baba Yemima. Kai ma ka sani."

A watan Maris aka binne ta, bayan ruwan fari. Gonarsa da ya ƙona da rani ta yi kore shar da tofa. Har yau ba wanda ya sake jin wa'azin tofa a bakinsa.