Takardun Malam a Cikin Baƙin Akwati

Wata bakwai na yi ina durƙushe a ɗakin karatun kakana, Malam Muhammadu Auwalu, ina ɗaga takardunsa ɗaya bayan ɗaya ina ɗora su a kan sikana, na'urar da ke ɗaukar hotonsu zuwa kwamfuta. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, kuma tun ranar da aka kai shi makwancinsa ba wanda ya shiga gafakokin nan sai gara. Wata takardar ina taɓa ta take rugujewa kamar busasshen ganyen masara. A garinmu Gubuchi kuwa ba a rasa abin faɗa ba: wai 'yar gidan malamai ta je Zariya ta karanto kwamfuta, ta dawo tana shaƙar kashin gara. Na ji su. Na ci gaba da aikina.

Da na gama, sai na haɗa akwatin ajiya. Baƙi ne, bai kai girman bulo ba, da faifai biyu a cikinsa da 'yar fanka a bayansa. Na ja masa kebur zuwa rauta, na'urar da ke haɗa shi da wayoyi, na jona shi da inbatar solar gidanmu, na saita shi yadda duk abin da ya shiga faifai ɗaya zai shiga ɗayan. Daga nan duk wanda ke cikin gida yana iya buɗe takardun Malam a wayarsa, ko ba shi da data.

Ranar da na nuna musu, Baffa Mu'awiyya, babban ɗan Malam wanda ya gaji makarantar zaure, ya riƙe wayata nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

"Hannunsa ne," ya ce. "Har inda alƙalaminsa ya ɗiga."

Kakata Hajiya Ummulhairi ta sunkuya tana leƙen akwatin. "Ke ja'ira, yanzu duk ayoyin da ya rubuta suna cikin wannan abu mai kama da rediyo?"

"Suna ciki, Hajiya."

"Shi ne kika dasa shi a kan ɗan teburi, kusa da takalmanki? To sai da alwala ake taɓa shi ko kuwa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Baffa ne kaɗai bai yi ba.

"In ya lalace fa, Badi'a?"

"Faifai biyu ne, Baffa. Ko ɗaya ya mutu, ɗayan na nan. Takardun Malam sun fi ƙarfin gara har abada."

Ina faɗa na san ba haka aka koya mini ba. An koya mini cewa faifai biyu a akwati ɗaya, a ɗaki ɗaya, masifa ɗaya ta ishe su, sai an yi kwafi na uku an kai shi wani gida. Amma wata bakwai ana yi mini kallon mai wasa, ranar kuma bakin kowa ya mutu. Ban so in rage wa ranar komai. Ban ƙara ko kalma ba.

Ranar Lahadi na tafi Ikara gidan Goggo Lantana, inda aka aiko mini da faifai na ukun da na sa a kawo. Kwana ɗaya na yi niyya. Ruwa ya tsinke, hanya ta yanke, sai ranar Alhamis da hantsi na dawo.

Tun daga zaure na ji ƙarar. Siririya ce, tana yi tana tsayawa, kamar kukan ɗan tsako da ya faɗa rijiya. Na san ta. Sau ɗaya na taɓa jin ta, a ajinmu, ranar da malami ya cire faifai da gangan don mu ji yadda akwati yake kuka.

Ɗakin karatu a share tas, yana ƙamshin turaren wuta. Gafakoki na rataye a bango, fiye da rabinsu sun lafe, ba komai a ciki. Teburin ma ba komai. Na bi kebur da ido, ya hau bango, ya ƙare a saman sif. Can na ga akwatin, an naɗe shi da rawanin Malam, naɗi uku, an ɗora masa buzu a kai.

Da na warware rawanin, sai da na yarfe hannu don zafi. Fitilar faifai na farko ta yi ja, alamar ya mutu. Ta biyun tana ƙyaftawa, kuma daga ciki ana jin wani ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

"Kin ga na gyara masa zama," in ji Hajiya daga bakin ƙofa, fuskarta cike da jin daɗi. "Ba a barin kalmar Allah a buɗe, ƙura na hawa. Tun shekaranjiya yake wannan kukan, na ce kewarki yake yi."

"Hajiya, ina takardun?"

Baffa ne ya amsa daga bayanta. "Waɗanda gara ta ci mun binne su ranar Litinin, a gindin ɗorawar bayan gona. Takarda mai ɗauke da sunan Allah in ta ruɓe, ba a barinta tana zuba ƙasa ana takawa. Na daɗe ina son yi, rashin madadinsu ya hana ni." Ya dubi jar fitilar, sannan ya dube ni. "Ke kika ce har abada."

Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Kowannensu ya girmama Malam ne yadda ya iya, bisa maganata. Yanzu duk abin da ya rage na waɗannan takardu yana kan faifai ɗaya, shi ma yana ƙwanƙwasa.

Na sauke akwatin ƙasa, na jona masa sabon faifan, na buɗe laftof. Na sa foldar takardun da aka binne a gaba, tun da masu lafiyar suna nan a gafaka. Allon ya nuna awa shida.

"Ki kashe shi ya huta mana," in ji Baffa.

"In na kashe shi, ba lallai ya sake tashi ba."

Na leƙa waje. Gabas ta fara haɗa hadari, batirin sola kuwa kwana huɗu bai ga rana sosai ba. Na bi gidan ɗaki ɗaki. Na zare firij, na kashe fankoki, na cire duk wata caja da na gani a bango.

"Yau ba mai caji a gidan nan," na faɗa a tsakar gida, da ƙarfi.

"Badi'a!" Baffa ya daka mini tsawa. "Ni kike kafa wa doka a gidan ubana?"

"Gidan kakana ne, Baffa. Allah ya gafarta Malam, ka ba ni zuwa la'asar. Bayan nan ka yi mini duk faɗan da ka ga dama, zan durƙusa in ji."

Ya juya ya koma zaure.

Na zauna a ƙasa da mafici ina yi wa akwatin fifita. Fankarsa ta gaji, sai gurnani take. Fayil ya wuce, wani ya wuce. Duk sanda ƙas ɗin nan ya yi, sai lissafin ya tsaya cak, sannan ya ci gaba. Wajen azahar ya maƙale a wata ƙaramar folda cikin na takardun da aka binne, shafi talatin da ɗaya, ya ƙi gaba. Na tsallake ta, na ce in na gama sauran zan dawo mata.

Hannuna na dama ya mutu, na koma na hagu. Garin ya yi duhu kamar magariba, iska na kaɗa ƙyauren taga. Inbata ta fara nata kukan. Sai na ji an zauna a gefena. Hajiya ce, da nata maficin.

"Tashi ki yi salla," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ni na shaƙe shi, ni zan ba shi iska."

Ana kiran la'asar fayil na ƙarshe ya wuce. Na koma kan ƙaramar foldar. Ƙas. Ƙas. Sai wani dogon kuka kamar ana jan ƙarfe a kan siminti, fitila ta biyu ta yi ja, ɗakin ya yi tsit.

"Wace ce ta rage?" Baffa ne a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Na karanta masa sunan da na sa mata. "Ijazojin Malam. Sunayen malamansa, da malaman malamansa."

Ban jira izini ba, na ɗauki fartanya a bayan ɗaki na nufi gona, yayyafi na dukana. Ban yi nisa da haƙa ba ya iso, ya karɓi fartanyar daga hannuna. Muka fito da ƙunshin a cikin tabarma, jagab. Tawadar Malam irin ta allo ce, ruwa kaɗan ya ishe ta. Kwana uku ana ruwa a kanta. Duk takardar da muka ɓanɓaro toka-toka ce, ba harafi ko ɗaya. Muka mayar, muka rufe.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya kira ni zaure, inda mata ba su cika zama ba. Na durƙusa ina jiran faɗan da na yi alkawarin ji.

"Ɗauko na'urarki," ya ce. "Ina yaro ya sa na haddace su. Rubuta."

Ya rufe ido ya fara: Malam ya karɓa daga wane, wane ya karɓa daga wane. Ina bugawa. Na shida. Na bakwai. Sai ya yi shiru. Ya koma farko, ya sake zubowa da sauri, ya zo na bakwai ya sake tsayawa. Leɓɓansa na motsi, ba abin da ke fita.

"Su nawa ne, Baffa?"

"Goma sha tara."

Ban yi kuka ba, ko a ranar ko bayanta. Na sake wa akwatin faifai, na kafa masa kanta can sama kusa da taga don hankalin Hajiya ya kwanta, amma a buɗe yake, ba mai rufa masa ko hankici. Kwafi na uku yana Ikara, a ɗakin Goggo Lantana. A cikin foldar ijazoji akwai fayil ɗaya tak, mai suna bakwai da layi goma sha biyu da na bari fili. Duk Juma'a Baffa yakan kira ni zaure, ya rufe ido, mu sake farawa daga na ɗaya.