Lambar da Ba a Huda Ba

Barmo direban motar siminti ne a Malbaza, amma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne tsofaffin lambobin azurfa, irin waɗanda Nasara suka riƙa rabawa a bukukuwansu tun ba a haife shi ba. Ya tara goma sha tara cikin gwangwanin madara, kuma kowace da huda a jikinta. Matan ƙasar nan ba sa ganin azurfa su ƙyale ta, sai an kai wa maƙeri ya huda, an zura zare, an rataya wa yaro. Wannan hudar ce take ci wa Barmo rai. Shi dai guda ɗaya yake so lafiyayya, ko da daga ita ba ƙari.

Shekara shida yana cigiya. Wata ranar kasuwa a Tajaye ya same ta wurin wani tsoho, sumul, ko ƙwarzane babu. Ya dawo gida yana waƙa, ya naɗe ta a tsumma ya ba mahaifiyarsa A'i ajiya, don lodin Agadas na jiransa. Wai shi mai dabara, ya kai wa wadda ko allura ba ta taɓa ɓatarwa ba.

Bayan tafiyarsa da kwana biyu matarsa Zalika ta haihu, 'ya mace, bayan shekara takwas ana jira. Ya iso ranar suna, bakinsa har kunne.

A'i ta miƙo masa jaririyar. Ga jan zare a wuyanta, ga lambar tana ƙyalli da sabuwar huda.

"Inna! Mi kunka yi ma lambata?"

"Mi munka yi? Na buɗe gwangwaninka, duk an taɓa rataya su ga ɗiyan wasu. Ni jikata ba ta sa kwancen kowa. Wagga ɗai ce sabuwa."

Haushi ya taso wa Barmo, shekara shida fa! Sai yarinyar ta yi miƙa, lambar ta zame kan ɗan ƙirjinta, ta kusa rufe shi duka. Ya taɓa azurfar da yatsa ya ji ta da ɗumi, sai dariya ta ƙwace masa, da ƙwalla a idonsa.

"Inna, zaren ga bai da ƙwari," ya ce. "A sake shi, kada ta ɓace mata."