Ranar da Aka Nome wa Audi Ciyawa

Shekarar da aka gama ginin madatsar ruwa ta Rusairis, kowane lebura ya koma gida da abin nunawa: wani rediyo, wani keke, wani tarin da bai sake rabuwa da shi ba. Audi kuwa ya dawo ƙauyensu na gefen kogin Dindir da ƙunshi a bakin rawani. Irin wata ciyawa ce mai suna tef, ƙwayarta ba ta kai ta yashi ba. Wani Bahabashe da suka yi dakon siminti tare ne ya ba shi, ya ce su can tuwonta suke ci, shanunsu kuma ba su da abin so kamar ganyenta.

Ganyen ne ya shiga ran Audi. Saniya ɗaya ta rage masa, Goje. Tun da manyan 'yan kasuwa suka sa tarakta ta share dajin kiwo, bazara ta zama lokacin fiɗa. Bara 'yar'uwar Goje ta kwanta a gindin aduwa, ba ta tashi ba. Ya riga ya gaya wa matarsa Yalwa cewa in bai tara abin ba Goje ba a bana, wajen mahauci za ta kafin ta zama ƙashi. Yalwa, wadda nonon Goje ne miyar gidanta, ta dube shi. Dubanta ya fi magana tsawo.

Matsalar ɗaya ce. Tun daga kakansu da ya taso daga Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji ya maƙale a nan, babu wanda aka taɓa ji a zuriyarsu ya shuka ciyawa. Yaƙarta ake yi. Da ita ake auna namiji: a leƙa gonarsa a san ko wane ne. Saboda haka Audi ya zaɓi kusurwar da ke bayan dawarsa, inda hanya ba ta bi. Ya yi yadda Bahabashen ya koya masa. Ba sungumi, ba rami. Ya zagaya da Goje ta tattake ƙasar, ya gauraya irin da yashi ya watsa. Ko Yalwa ce mata ya yi gwaji ne, kada ta ɗaga maganar.

Ta tsiro, lallausa, kore shar, ta kai ƙauri. Sai zazzaɓin damina ya kwantar da shi daidai lokacin maimai.

Ran kwana na shida da hantsi ya ji ganga daga wajen gonaki. Yalwa ta shigo tana ɗaura zani.

"Malam, gayya aka yi maka. Abdussalami ya tara mutum ashirin tun da asuba."

Abdussalami taubashinsa ne, shi ke kiran gayya a ƙauyen, mutumin da bai taɓa yin alheri a ɓoye ba. Audi ya yi hamdala, ya rufe ido. Can ya buɗe.

"Sun gama dawar?"

"Sun gama. Wai sun ga wani wuri a baya da burburwa ta cinye, sun ce ba su barinka da wannan abin kunya."

Ya tashi zaune. Ɗakin ya juya, ya jira ya tsaya. Ya san ƙa'ida sarai: wanda aka yi wa gayya godiya ce tasa, ba gyara ba. In ya koma ya kwanta, gobe shi ne mai gona mafi tsabta a ƙauyen, Goje kuma nama ce. Ya lalubi sanda.

Ko da ya isa, an yi layi kafaɗa da kafaɗa, fartanya na tashi tana sauka tare da kiɗa. Aiki ne mai kyau, babu abin kushewa. Kashi biyu cikin uku sun zama baƙar ƙasa.

"Ku tsaya!" Muryar ba ta fita ba. Ya kama hannun makaɗin, ganga ta mutu.

Abdussalami ya miƙe yana share gumi. "Kai, gawa, wa ya tashe ka? Koma ka kwanta, ya zol, bawan Allah. Saura kaɗan mu wanke ka."

"Ku bar ta."

"Mu bar mi?"

"Ciyawar. Ni na shuka ta."

Wani tsoho, Alhasan, ya matso ya ɗora masa hannu a goshi, ya juya ya ce wa jama'a, "Zazzaɓin ya hau kai."

"Lafiyata lau, Baba. Da hannuna na watsa. Daga Habasha ta fito, abincin saniya ce."

Abdussalami ya tsuguna ya tsinko ganye ɗaya, ya duba shi ciki da bai kamar mai sayen yadi. "Jama'a ku shaida. Allah na ba da ita kyauta tun zamanin Annabi Adamu, taubashina ya tafi har Habasha ya ɗauko. In an jima zai shuka mana sauro."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Audi ya tsaya dogare da sanda ya sha ta duka, don ba shi da ƙarfin tafiya. Amma fartanya ba ta sake sauka ba.

Jakin Alhasan ne ya kawo ƙarshen shari'ar. An ɗaure shi a gefe cikin ciyawar Allah mai yawa, ya tsinke igiya, ya tsallake ta, ya sa baki cikin tarin da aka nome. Aka ja shi, ya ƙi. Mutanen da ba su yarda da Audi ba suka tsaya suna kallon jaki da natsuwa.

"To," in ji Alhasan, "mun yi ɓarna."

Babu wanda ya ba da haƙuri, don ba a taɓa jin an nemi gafara a kan gayya ba. Sai dai bayan girbi Audi ya riƙa tarar da dami a ƙofar gida, yau karan dawa, gobe harawa, ba a san mai ajiyewa ba. Na Abdussalami ne kawai aka sani, don ya tsaya ya faɗa.

Abin da ya tsira Audi ya yanka da lauje kafin ya fid da kai, ya shanya a inuwa. Bayan kwana talatin ya sake tohowa, ya sake yanka, ya bar wuri kamar faɗin tabarma biyu ya nuna don iri. Abin da ya tara bai isa bazara ba. Da dammunan mutane, da hannun Yalwa mai auna wa saniya kamar tana rabon magani, aka kai. Goje ta ga ruwan farko a tsaye. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin rijiya, amma tana ba da nonon da ya isa fura, kuma Audi bai taka rumfar mahauci ba.

Sunan Sarkin Ciyawa ya bi shi, har yara na gaishe shi da shi. A daminar mutum uku suka karɓi iri, kowanne ya ce ba don kansa ba, wani ne ya aiko shi.

Da lokacin maimai ya zagayo aka zo gayya gonar Audi, Abdussalami ya tsai da layi a bakin kunya, ya hana makaɗi farawa.

"Taubashi, zo nan tukuna. Nuna muna wacce ce taka, wacce ce ta Allah."

Audi ya wuce gaba da sanda yana nunawa, mutum ashirin na biye da shi suna kallon ƙasa.